Sana'ar Kai Fure Har Gida Ta Shigo Madina, Amma Amana Ce Jarinta

Shekara 20 da suka wuce, idan aka ga mutum a unguwannin Madina riƙe da damin furanni, abin da zai fara zuwa a ran jama'a shi ne an yi rashi a gidan wani maƙwabci Kirista, ko kuwa baƙo ne ya ɓata hanyar East Legon. A yau lamarin ya sauya. Ana yin odar fure ta waya, a biya kuɗi ta MoMo, ɗan okada ya ɗaura shi a bayan babur, ya kutsa lungunan Zongo, Libya Quarters ko Redco yana cigiyar gidan Hajiya wance. Sau da yawa wanda ya biya kuɗin ba ya ƙasar ma, yana can Bronx ta Amurka, ko Hambug ta Jamus, ko wani gari na Italiya, yana jiran hoton da zai nuna masa cewa saƙonsa ya isa hannun mahaifiyarsa ko matarsa.

Wannan sabuwar sana'a ta samar wa 'yan mata da samari da dama abin yi, to amma kuma ta zo da nata rigingimun. A gidan rediyon al'umma da muke aiki, koke-koken da masu saurare kan kawo a kanta ba sa wuce iri uku: an biya kuɗi ba a ga kaya ba, ko kayan sun zo a yamushe, ko kuma sun zo bayan taro ya watse. Wannan ne ya sa muka bi sawun furen tun daga gonar da aka yanko shi har zuwa ƙofar gidan da aka aika shi, domin mai karatu ya san inda gizo ke saƙar.

Mutanen goro da turare

Kafin a fahimci sana'ar, ya kamata a tuna ko su wane ne mutanen da ta shigo wa. Zangunan Gana 'ya'yan fataucin goro ne. Kakanninmu sun yi ta tasowa daga Kano, Katsina da Sakkwato da jaki da alfadari zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, su sauke kanwa, tufafi da fatu, su ɗauki goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu, suka ƙarfafa zanguna a Kumasi, Kete Krachi, Accra da sauran garuruwa. Nima ta kafu a farkon shekarun 1930 a ƙarƙashin Malam Amadu Futa, ita kuwa Madina a 1959 aka kafa ta, lokacin da Alhaji Seidu Kardo ya jagoranci mutanen da aka tasa daga Shiashie, kusa da filin jirgin sama, zuwa wannan wuri da a lokacin daji ne.

A wurin waɗannan mutane, kyautar girmamawa sananniya ce. Da goro ake neman aure, da shi ake gayyatar suna, da shi ake gaida sarki da malami. Bayan goro sai turare, sai zane, sai dabino da zamzam idan alhazai sun dawo. Ba wai ba mu san fure ba ne, illa dai mun fi saninsa a tukunya. Soɓorodo, wanda 'yan Gana ke kira sobolo, daga kofaton furen yakuwa ake yin sa, kuma a arewa har yau ana kaɗa miya da busasshen furen gurjiya. Ko kalmar ma tana da nata rikicin, domin a Hausarmu ta yau fulawa na nufin garin burodi, tana kuma nufin furen ado, sai mai sauraro ya duba zancen kafin ya gane wacce ake nufi.

Wani Baturen Ingila masanin al'adu, Jack Goody na Jami'ar Kambirij, wanda ya yi shekaru yana bincike a arewacin Gana, ya lura da wannan har ya rubuta littafi a 1993 mai suna The Culture of Flowers. A ciki ya nuna cewa a yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba a saba noma fure don ado ko kyauta ba, saɓanin Indiya, Sin, Farisa da Turai. Goody ya rasu a 2015, daidai lokacin da wayar hannu ta fara warware abin da ya gani, domin a 'yan shekarun nan ne hotunan bukukuwan Legas, Dubai da finafinan Indiya da na Turkiyya suka cika wayoyin 'ya'yanmu.

Su wa ke oda, kuma yaushe?

Binciken da muka gudanar a tsakanin masu ƙawata wuraren biki a Madina, Nima da Maamobi ya nuna cewa kasuwar tana da lokutanta. Na farko shi ne aure. Bayan an gama ɗaurin aure da kwana lalle da sauran al'adu, yanzu an ƙara liyafa a zauren taro, inda amarya ke fitowa da ƙunshin fure a hannu. Na biyu shi ne bikin kammala karatu a Jami'ar Gana da ke Legon, da jami'ar UPSA da ke bakin Madina, da Kwalejin Jami'ar Musulunci da ke East Legon. Na uku shi ne ranar iyaye mata, wadda a Gana ake yi ranar Lahadi ta biyu a watan Mayu. Sai kuma haihuwa, da sallamar mara lafiya daga asibiti, da taryen alhazai, har ma da walimar saukar Alƙur'ani a wasu makarantu.

Ranar 14 ga Fabrairu kuwa ita ce babbar kasuwar masu fure a duk faɗin Accra, ko da yake gwamnati, tun zamanin ministan yawon buɗe ido marigayi Jake Obetsebi-Lamptey, ta mayar da ita Ranar Cakulan ta Ƙasa domin tallata kokon Gana. A zango ranar ba ta rasa cece-kuce, domin malamai da dama na yin huɗuba a kanta duk shekara. Sai dai abin da suke suka shi ne bikin da abin da ke biyo bayansa. Shi kansa fure ba a cika jin wanda ya hana ba, hasali ma wasu malaman kan kawo hadisin da ke cikin Sahihu Muslim da ya yi hani da mayar da kyautar raihani, wato tsiro mai ƙamshi.

Babban abin da ke riƙe da kasuwar a unguwanninmu shi ne 'yan uwa da ke ƙetare. Kamar yadda alƙaluman Bankin Duniya suka nuna, kuɗin da 'yan Gana mazauna waje suka aiko gida a 2023 ya haura dala biliyan 4, kuma kowa ya san zanguna na da kaso mai tsoka a ciki. Ɗan da ya shekara biyar bai ga mahaifiyarsa ba saboda matsalar takardu yana aiko kuɗin cefane duk wata, amma yana son ranar da ta cika shekara a ƙwanƙwasa mata ƙofa da wani abu da za ta riƙe a hannu, maƙwabta su gani. Hausawa na cewa zuwa da kai ya fi aike, to wanda zuwan ya gagara, sai ya nemi aiken da zai tsaya a madadinsa. Wannan ne ya sa idan aiken ya lalace zafinsa ke wuce na asarar kuɗi.

Tafiyar kilomita 4,000

Jan furen wardi da aka fi nema ba ya son zafin gaɓar tekun Accra. Mafi yawan wanda ake gani a manyan shagunan Osu, Cantonments da East Legon daga waje ake shigo da shi, musamman daga Kenya, sai kuma Holan, Habasha da Afirka ta Kudu. A Kenya, cibiyar nomansa ita ce gefen tafkin Naivasha, kimanin kilomita 90 daga Nairobi, a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900 daga teku, inda rana ke da haske amma dare ke da sanyi. Daga can ne ake cika kasuwar gwanjon fure ta Aalsmeer a Holan, wadda ta fi kowace girma a duniya.

Da sassafe ake yanke furen tun bai gama buɗewa ba, a tsoma shi a ruwa, a shigar da shi ɗakin sanyi mai ma'aunin digiri 2 zuwa 4, a jera shi a kwali, a kai shi filin jirgin saman Nairobi cikin mota mai firji. Daga Nairobi zuwa Accra tafiyar sama da kilomita 4,000 ce, kusan awa 6 a jirgi. Idan ya sauka sai ya bi ta hannun kwastan da jami'an sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma, waɗanda dokar tsirrai da takin zamani ta 2010 ta ɗora wa alhakin duba duk wani tsiro da ya shigo ƙasa. Daga nan manyan diloli su kwashe, su sayar wa ƙananan 'yan kasuwa.

Yawancin masu sana'ar a Madina ba su da shago, balle ɗakin sanyi. Jarinsu waya ce, da shafin Instagram, TikTok ko WhatsApp, da almakashi, da takardar naɗi da kirtani. Sai an yi oda sannan mai sana'a ta hau trotro ko ta aiki ɗan okada ya sayo mata adadin da take buƙata daga dila, ta haɗa a ɗakinta, ta aika. Wannan ne ya sa odar gaggawa ta fi yawan kawo matsala, kuma shi ya sa farashi ba ya zama wuri ɗaya, tunda da dala ake sayo kayan. A 2022, lokacin da dala ta tashi daga kimanin sidi 6 a farkon shekara zuwa sama da 14 a watan Nuwamba, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54 cikin 100 a Disamba, masu ƙawata biki da dama sun koma ga furen roba na ƙasar Sin da ake samu a Makola da kasuwar Madina. Sidi ya farfaɗo sosai a 2025, amma furen roba bai bar dandalin biki ba, domin ana wanke shi a sake ba da hayarsa sau goma.

Inda ake yin ta: kilomita 10 na ƙarshe

Daga filin jirgi zuwa Zongo Junction bai wuce kimanin kilomita 10 ba, amma duk wanda ya bi hanyar Tetteh Quarshie, Shiashie, Okponglo, Legon zuwa Atomic Junction da yammacin Juma'a ya san tana iya cin awa biyu. A watannin Fabrairu da Maris zafin Accra kan haura digiri 32 da rana. Furen da ya tsira daga tafiyar Naivasha cikin sanyi, idan aka ɗaure shi a bayan babur ba akwati, iska na kaɗa shi, rana na dukansa, hayaƙin motoci na bin sa, kafin a kai Ritz Junction ya sunkuyar da kai.

Akwai kuma wani abin da yawancin masu saye ba su sani ba. 'Ya'yan itace masu nuna, irin su ayaba, mangwaro da tumatir, suna fitar da wata iska da masana ke kira etilin, wadda ke saurin tsofar da fure, kuma akwai ta a hayaƙin inji. Don haka mai sana'ar da ta ajiye kayanta kusa da masu ayaba a kasuwa, ko ta cusa su cikin firjin gida tare da kayan miya, ita ce ta kashe su da hannunta. Ga kuma matsalar wuta. Waɗanda suka fara wannan sana'a a zamanin dumso, tsakanin 2012 da 2016, ba za su manta da yadda dare ɗaya ba lantarki ke cinye jarin mako guda ba.

Sai babbar matsala, wato adireshi. Madina ta girma fiye da tsarin da aka yi mata. An ba ta majalisar ƙaramar hukumarta ta La Nkwantanang Madina a 2012, kuma ƙidayar 2021 ta nuna mutanen yankin sun haura 240,000. A 2013 Shugaba John Mahama ya ba ƙananan hukumomi wa'adin wata 18 su raɗa wa tituna suna su kuma sa wa gidaje lamba, sannan a watan Oktoba na 2017 gwamnatin Shugaba Nana Akufo-Addo ta ƙaddamar da GhanaPostGPS, manhajar da ta yanka ƙasar gida-gida mai faɗin mita 5, kowane da lambarsa. An kafa alluna, an liƙa lambobi a bango, amma har yau da kwatance muke rayuwa: bayan masallaci, kusa da mai wake da shinkafa, daura da famfo, gida mai jan ƙyaure.

A Nima da Maamobi abin ya fi haka, domin akwai lungunan da ko babur ba ya shiga, sai a ƙafa. Ga shi kuma gida ɗaya na iya ɗaukar iyali goma, kuma a cikinsa a sami Hajiya Fati uku da Amariya biyu. Wanda ya yi oda daga Jamus ya ba da sunan yanka na mahaifiyarsa, alhali duk unguwa da laƙabi aka san ta. Ɗan aike ya yi ta zagaye, ya kira lambar da aka ba shi, tsohuwa ta ga baƙuwar lamba ta ƙi ɗauka saboda tsoron 'yan damfara. A ƙarshe ko dai ya ajiye a hannun wani yaro, ko ya koma da kaya. Mai fure ta ce ta cika aiki, mai oda ya ce bai gani ba, rigima ta tashi.

Shi kansa ɗan aiken yana da nasa uzurin. Dokar hanya ta 2012 ta haramta ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, abin da ya sa 'yan okada suka shafe shekaru suna wasan ɓuya da 'yan sanda, kai saƙo kuwa dokar 2003 ta sanya shi ƙarƙashin hukumar kula da gidan waya da kamfanonin aike, wadda ke ba da lasisi. Ƙananan masu fure sun fi dogara da yaron unguwa da suka sani, wanda sau da yawa ya haɗa saƙo biyar a tafiya ɗaya: takalmi, abinci, magani, waya da fure. A cikin biyar ɗin fure ne kaɗai ba ya iya jira, kuma shi ne ba ya iya ƙorafi.

Kuɗi kafin kaya

Abin da ya ba wannan sana'a ƙafa shi ne kuɗin waya. MTN ta fara MoMo a Gana a 2009, a watan Mayu na 2018 kuma aka haɗa layukan sadarwa ta yadda za a iya tura kuɗi daga wannan kamfani zuwa wancan. Harajin tura kuɗi da aka ƙaƙaba a watan Mayu na 2022 a kan kashi 1.5 cikin 100, aka rage shi zuwa kashi 1 a 2023, ya ɗan sanyaya gwiwar 'yan kasuwa kafin a soke shi a watan Afrilu na 2025. Yanzu mutum na iya zama a Milan ya biya mai fure a Madina cikin minti ɗaya.

To sai dai sauƙin ya zo da ƙofar ɓarna. Tunda fure kaya ne mai lalacewa, babu mai sana'ar da za ta yarda ta saye shi kafin a biya, don haka mai oda ne ke fara sakin kuɗinsa ga wanda bai taɓa gani ba. 'Yan damfara sun gane haka. Sukan kwashi hotunan wani shago na gaskiya, su buɗe shafi mai kama da nasa, su karya farashi, su karɓi kuɗi, su toshe layi. Hukumar tsaron intanet ta ƙasa, wadda dokar 2020 ta kafa, takan fitar da gargaɗi a kan shagunan bogi idan ranar masoya ko Kirsimeti ta gabato, kuma tana karɓar ƙorafi ta lamba 292. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma damfarar da ba ta kai ta kotu ba amma tana cin rai. A nuna maka hoton dami mai wardi 24, a kai mai 12 a cike sauran da ganye. Ko a karɓi kuɗin ɗanyen fure a kai na roba, da tunanin tsohuwa ba za ta bambance ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta gaya wa ɗanta ba. Nan ne al'adarmu ke taimakon macuci, domin yaba kyauta tukwici, kuma uwa ba za ta buɗe baki ta ce wa ɗanta abin da ya aiko bai yi kyau ba.

Wani salon da ya yi tashe shi ne furen kuɗi, inda ake nannaɗe sababbin takardun sidi, a liƙe su da gam ko fil, a jera su kamar dami. Ya karɓu a zango ƙwarai, domin dattawa da dama na ganin wannan ne furen da ke da amfani. Amma a watan Maris na 2023 Babban Bankin Gana ya yi gargaɗin cewa yin haka wulaƙanta kuɗin ƙasa ne, kuma laifi ne a ƙarƙashin dokar kuɗi ta 1964. A Nijeriya ma Babban Banki ya yi irin wannan jan kunne a watan Fabrairun shekarar, inda dokarsa ta 2007 ta tanadi ɗaurin wata 6 ko tarar naira 50,000 ko duka biyun ga mai wulaƙanta naira. Saboda haka 'yar kasuwar da ke tallata wannan a shafinta ta san cewa tana tallata shaidar da za a iya kama ta da ita.

Ga Aburi a bayan gida

Abin mamaki shi ne, hanyar da ta ratsa Madina zuwa Adenta ita ce ke hawa dutsen Aburi, inda aka buɗe lambun tsirrai tun watan Maris na 1890, mai faɗin eka 160, a wuri mai sanyi da yawan ruwan sama. Ga lambun Jami'ar Legon a hanyar Haatso, ga masu renon shuke-shuke jere a gefen tituna. Sashen kula da lambuna na gwamnati ya samo asali tun zamanin Kwame Nkrumah, kuma tun 2013 kamfanin Stratcomm Africa ke shirya baje kolin lambu da fure a Accra duk shekara, yana kira ga 'yan ƙasa su ɗauki noman fure a matsayin sana'a.

Furannin ƙasashe masu zafi, irin su helikoniya mai kama da bakin aku, da anturiyam, da furen dangin citta, suna yi sosai a kudancin Gana, kuma sun fi wardi jure rana da tafiyar babur, wasu har mako biyu suna tsaye. Ba sa buƙatar dala, ba sa buƙatar jirgi. Matsalar ita ce mai saye ya riga ya ga jan wardi a fim, shi yake so. Muna ganin a nan akwai aiki ga masu sana'ar, su riƙa nuna wa abokan cinikinsu na gida tare da na waje, da kuma ga ƙungiyoyin matasan zango da asusun raya zanguna da aka kafa da dokar 2017, su duba ko 'yan kadada kaɗan a wajen Oyarifa, Ayi Mensah ko Dodowa ba za su iya ɗaukar matasan da ke zaman kashe wando ba. Jikokin mutanen da suka san yadda ake adana ɗanyen goro a ganye ya yi tafiyar wata uku zuwa Kano bai bushe ba, bai kamata riƙon fure na kwana uku ya gagare su ba.

Kafin ka saki kuɗinka

Daga abin da muka tattara, ga wasu matakai da za su rage wa mai oda baƙin ciki. Ya yi oda da kwana biyu ko uku kafin ranar, musamman a Fabrairu, Mayu da Disamba. Ya nemi wani ɗan uwa ko aboki a unguwa da ya san mai sana'ar ido da ido, domin gani ya kori ji. Ya duba sunan da ya fito a MoMo kafin ya danna lambar sirri, idan bai yi daidai da wanda aka gaya masa ba ya dakata. Ya tambaya a fili ko ɗanyen fure ne ko na roba, ƙwaya nawa ne, kuma ko kuɗin aike na ciki. Ya nemi hoton damin kafin ya bar hannun mai shi, da wani hoton idan ya isa.

Wajen adireshi kuwa, ya haɗa lambar GhanaPostGPS da kwatance irin namu, ya ba da laƙabin da aka san mai karɓa da shi, da lambar mutum na biyu a gidan, kuma ya sanar da wani cewa baƙo na tafe. Ya zaɓi safiya kafin rana ta take, ya kauce wa lokacin sallar Juma'a da ranakun Laraba da Asabar da kasuwar Madina ke cika maƙil. Wadda aka kawo wa kuma ta cire takardar, ta tsinke ganyen da zai nutse a ruwa, ta datse gindin a karkace da wuƙa mai kaifi, ta sa a ruwa mai tsabta nesa da rana da ayaba, ta riƙa canza ruwan bayan kwana biyu. Da haka wardi kan kai mako guda.

Su ma masu sana'ar akwai abin da ya rataya a wuyansu. Akwatin da zai kare kaya daga rana ba shi da tsada idan aka kwatanta da sunan da zai ɓaci. Faɗin gaskiya idan kaya sun ƙare ya fi a karɓi kuɗi a kai abin kunya. Zango ƙaramin gari ne duk girmansa, labarin mai cin amana ba ya kwana bai kai Nima da Fadama da Ashaiman ba, daga can kuma ya faɗa zaurukan WhatsApp na 'yan uwa a Turai.

Dattawa da dama da muka ji ra'ayinsu ba su ƙi furen ba, abin da suke lura da shi shi ne yadda ake miƙa shi. A da, wanda aka aika da goro yakan yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ce Alhaji wane yana gaisuwa, ya jira a sa albarka. Ɗan aiken yau yakan tsaya a kan babur da hular kwano a kai, ya danna ham, ya ce a fito a karɓa. Mai sana'ar da za ta koya wa yaronta ya sauko, ya yi sallama, ya ce Mma ga saƙo daga ɗanki yana gaishe ki, ita ce za ta riƙe kasuwar zango, ko da furenta bai kai na Osu kyau ba. Zamani riga ne, kowa da irin wadda ya tarar, amma har gobe zumunci a ƙafa yake. Allah Ya sa wa masu nema albarka, Ya kuma dawo mana da matafiyanmu lafiya.